Kayan Mama Sun Cika Ɗaki, Maigida Ya Ce A Cinna Musu Wuta

Anti, barka da aiki. Ina cikin tsaka mai wuya ne shi ya sa na rubuto miki. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyarmu. Da aka saki gidan da take haya, sai aka kwaso kayanta kaf aka jibge a wurina, don ni ce mai ɗakin ajiya. Tun ranar na ja ƙofar na rufe, mu ma muka riƙa tura namu tarkacen ciki. Yanzu tashi ya kama mu, saura mako biyar, kuma gidan da za mu koma bai kai rabin wannan ba.

Da na buɗe ɗakin sai da na nemi wuri na zauna. Ga mataccen firji, ga talabijin mai ƙeya, ga keken ɗinkinta, ga akwati uku na sutura, ga katifa biyu da ruwa ya taɓa. Akwai leda guda cike da ragowar magungunanta na hawan jini da na ciwon suga, tsofaffin wayoyi sun kai takwas, dogayen ƙwayayen fitila da suka ƙone, gwangwanayen fenti da na maganin sauro, robobi ba adadi, har da tsohon batirin motar maigida.

Maigida ya ce kada in wahalar da kaina, a tara su a fili a yayyafa fetur, abin da wuta ta bari a kira 'yan gwangwan su kwashe. Yayata kuma ta ce in na taɓa ko allurar Mama ba ta yafe ba, alhali na yi ta roƙonta ta zo ta ɗauki abin da take so, ta ce ba ta da wuri. Ƙaninmu ya ce duk abin da muka yi daidai ne. Ga ƙaramin ɗana yana da asma, zuciyata ba ta kwanta da maganar wutar nan ba. Kuma gaskiya duk abin da na ɗaga sai in ji kamar Mama nake shirin jefarwa. Ina zan sa kaina?

Ƙanwarki, Maman yara uku

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta, ya ƙara muku haƙurin rashinta. Shekara biyu ba komai ba ce a rashin uwa, don haka kada ki ga laifin kanki don kin buɗe ƙofa ƙafafunki sun ƙi ɗaukarki.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, abin da na lura shi ne kowa a cikinku yana kiran duk abin da ke ɗakin nan da suna ɗaya. Maigida yana cewa shara, Yaya tana cewa kayan Mama, ke kuma kin tsaya a tsakiya kina jin zafin duka biyun. Alhali a ɗakin akwai abin da zai iya kashe yaro, akwai abin da wani ke nema ido rufe, akwai ƙarfen da yake kuɗi ne, akwai shara ta gaskiya, sannan akwai 'yan abubuwan da ba su fi yatsun hannu ba, waɗanda su ne Mama a zuciyarki. Muddin suna cakuɗe, ba wanda zai iya yanke shawarar kirki a kansu. Mako biyar ya isa a rarrabe su in dai an fara yau, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar wuta, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Ni na taɓa yin wannan gangancin. Shekarun baya na share ɗaki, na tara sharar a tsakar gida na ƙyasta ashana, ban san akwai gwangwanin turaren feshi a cikin wata leda ba. Ina tsaye da tsintsiya a hannu sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Gwangwanin ya tashi ya wuce ta gefen kunnena ya daki bango, ya bar baƙin tabon da har muka bar gidan yana nan. Na ɗauka ya ƙare ne, don in an danna kansa ba ya fitar da komai. Ashe ƙarewar turare daban, ƙarewar iskar gas ɗin da ke tura shi daban. Wancan gwangwani ɗaya ne tak. Ke kina da na maganin sauro, da na fenti, da wayoyi takwas kowace da batirinta, kuma ana maganar ƙara musu fetur.

Ko ba a samu fashewa ba, hayaƙin kaɗai ya isa bala'i. Soson katifa yana kamawa kamar an jiƙa shi da mai, kuma hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ke shaƙe mutum, har da gubar sayanaid. Robar da ke lulluɓe da wayar lantarki da wadda ake yin bututun ruwa da ita, wato PVC, tana da sinadarin kilorin a jikinta. Idan ta ci wuta a fili, inda zafin bai kai na injin ƙona shara ba, sai ta haifar da wata guba da ake kira dayoksin. Ita wannan ba ta bin iska ta ɓace. Tana sauka a ƙasa da kan ganye, kaji da dabbobi su tsince ta, ta taru a kitsensu da ƙwansu da nononsu, ta dawo jikin mutum ta zauna shekaru. Tana cikin gubobi 12 na farko da ƙasashen duniya suka amince a yaƙa a yarjejeniyar Sitokhom ta 2001. Dalma da zaiba kuwa, waɗanda ke cikin batirin mota da ƙwayayen fitila, wuta ba ta cin su sam. Abin da kawai take yi shi ne ta fito da su daga inda suke a killace, ta watsa wasu a hayaƙi, ta bar wasu a toka, a filin da 'ya'yan wani za su zo su yi wasa bayan kun tashi.

Amma kada ki je wa maigida da wannan dogon karatu. Shi ba wuta yake so ba, ɗaki wayam yake so kafin ranar tashi, kuma a nan yana da gaskiya. Ki same shi a lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce: “Baban yara, hayaƙin nan shi zai kai mu asibiti da yaron nan cikin dare, ga maƙwabta ba za su ƙyale mu ba. Ka ba ni mako uku. In ɗakin bai zama wayam ba, sai ka yi magana.” Sannan ki ba shi nasa rabon aikin: batir, firji da talabijin. Namijin da aka ba aikin da ya gane kansa ya fi wanda aka bari yana kallon tarkace yana ƙirga kwanaki sauƙin zama.

Ranar farko ba ta akwatunan Mama ba ce. Ki bar su a rufe, in kika fara da su kuka za ki yi har magariba ba ki ɗaga komai ba. Ki buɗe tagogi, ki sa safar hannu da takunkumi, ki tura yara wani wuri, musamman mai asmar, ki tsamo abubuwa masu haɗari kawai. Za ki yi mamakin ƙanƙantarsu. In ban da batirin mota, duk za su shiga kwali biyu.

Ledar magani ce ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki, kuma ina so ta bar ɗakin nan yau, ba gobe ba. Wasu magungunan suga, ƙwaya ɗaya tana iya kayar da sukarin ƙaramin yaro har ya suma. Wasu na hawan jini kuma, ɗaya ko biyu sun isa su rikita masa bugun zuciya. Ga su ƙanana masu launi, yaro ba ya bambanta su da abin tsotsa. Na san za a samu mai cewa a ba wance, ai ciwonsu ɗaya da Mama. Kada ki yarda. Likita ya auna wa Mama ne daidai jikinta da ƙodarta, ga shi maganin ya shekara biyu a rufaffen ɗaki yana shan zafi. Ki kai ledar kemis ko sashen magani na asibiti ki tambaya ko suna karɓar ragowar magani, don wurare da dama suna da hanyar lalata shi. In ba ki samu ba, ki ɓare ƙwayoyin daga fakitinsu ba tare da kin daka su ba, ki cakuɗa da jiƙaƙƙiyar ƙasa yadda ba wanda zai yi sha'awar tsinta, ki ƙulle a leda, ki sa a roba mai murfi, ki saka cikin sharar da mota ke kwashewa. Ban da masai, ban da kwata. In akwai alluran suga, su shiga gora mai kauri, a rufe, a naɗe murfin da salatif, a rubuta a jiki. Takardun da ke manne a kwalabe kuma ki ɓanɓare su, sunanta ne a kai. Wannan ɗan aikin zai sosa miki rai fiye da yadda kike zato, ki bar shi ya sosa.

Wayoyin nan takwas, kada ki yi saurin rabuwa da su. Ina kyautata zaton ɗaya ko biyu na Mama ne, kuma mai yiwuwa akwai hotunanta a ciki, ko ma muryarta a saƙon da ta taɓa tura wa wani. Ki duba bayan kowace. Wadda kika ga ta kumbura, ko murfinta ya ɗago, ko gilashinta ya turo waje, kada ki sa mata caji, kada ki matsa ta, kada ki bari wani ya soke ta wai a fitar da iska. Batirin litiyam ne, in aka huda shi ko aka murƙushe shi yana kamawa da kansa, kuma irinsa ne ke tayar da gobara a cikin motocin shara idan injin ya matse. Ki sa irin wannan a gwangwani mai yashi, a inuwa, nesa da labule da katifa, har ki kai wa mai gyaran waya. Shi zai iya ciro miki abin da ke ciki, kuma masu gyara sun san inda matattun batira da allunan waya ke tafiya. Wadda take aiki, ki kwashe hotunan, ki cire layi da memori, ki fita daga asusun Google da WhatsApp, ki goge ta ta koma kamar sabuwa, sannan ki bayar. Mutane suna mantawa da cewa lambobin banki da hotunan iyali suna bin waya duk hannun da ta shiga.

Ki lalubi ƙasan durowa ki tsince ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli, na agogo da na'urar gwajin suga. In yaro ya haɗiyi ɗaya ya maƙale a maƙoshinsa, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Ko wanda ya mutu yana da sauran ƙarfin yin ɓarna. Ki manna musu salatif gaba da baya.

Batirin mota kuma, ki gaya wa maigida wannan labarin. A wata unguwa da ake kira Thiaroye-sur-Mer a gefen birnin Dakar na Senegal, mutane sun daɗe suna fasa tsofaffin batiran mota suna ciro dalma. Da dalma ta yi daraja, har ƙasar wurin aka riƙa tankaɗewa ana tsintar ɓurɓushinta, ana ajiye buhuna a cikin gidaje. Tsakanin ƙarshen 2007 da watan Maris na 2008, yara 18 suka mutu a unguwar, kuma bincike ya nuna gubar dalma ce. Iyayen ba mugaye ba ne, abinci suke nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Abin takaicin shi ne batirin mota yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin sake sarrafawa in ya shiga masana'antar da ta dace. A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 nasu suna komawa a narke a yi sababbi. Don haka ya ɗauke shi a tsaye, ba a karkace ba, ba a tsiyaye ruwansa ba, ya kai wa masu sayar da sabon batir, su ne ke mayar da shi ga kamfani. Duk wanda ya ce bari ya zubar da ruwan a ƙofar gida don ya rage nauyi, a karɓe batirin daga hannunsa. Ruwan nan asid ne mai ɗauke da dalma.

Dogayen ƙwayayen fitila da masu lanƙwasar nan suna da zaiba a ciki. Kaɗan ce, 'yan miligiram, amma tururinta ake shaƙa kuma jijiyoyi take taɓawa. Ita ce gubar da ta nakasa mutanen garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, shi ya sa yarjejeniyar rage amfani da zaiba ta 2013 take ɗauke da sunan garin. Ki naɗe kowane da takarda, ki jera su a kwali yadda ba za su gogi juna ba. In ɗaya ya fashe, kowa ya fita, a bar taga a buɗe na kamar minti goma, sannan a kwashe da kwali mai kauri, a bi da salatif da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba a kwalba a rufe. Fentin da bai daskare ba, mai fenti zai karɓa da godiya. Gwangwanin maganin ƙwari kuwa, ko robarsa, ba ya zama mazubin ruwa ko na wani abin ci komai wankin da aka yi masa. Kuma kada ki ce za ki juye ragowar ruwan wanke-wanke a bokiti ɗaya don rage kwalabe, domin bilic in ya haɗu da wasu magungunan wanke banɗaki yana fitar da iskar da ke ƙona huhu.

Firjin, a fara kiran mai gyara. Da yawan abin da muke kira matacce suma ya yi, wani ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone ko gas ya tsiyaye. In ya tashi, kin samu abin bayarwa mai daraja. In ya mutu da gaske, abu na farko a cire ƙofarsa, tun yana cikin ɗakin. Yara suna shiga tsohon firji wasan ɓuya su kasa fitowa, kuma murya ba ta fita daga ciki. Yawan irin wannan mutuwar ce ta sa Amurka ta yi doka a 1956 cewa dole ƙofar firji ta zama mai buɗuwa daga ciki, amma yaro ɗan shekara uku da ya firgita a cikin duhu ba lallai ya iya tura ko mai maganaɗisun ba. Sai gas ɗin. Na tsofaffi shi ne CFC, mai cinye rigar ozon ta sararin sama da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi. Na sababbi da yawa kuma mai kamawa da wuta ne. Ko wanne ne a naku, kada a yanke bututunsa da zarto a tsakar gida. Talabijin mai ƙeya shi ma a fitar da shi da ransa. Gilashin bayansa yana da dalma da takan haura kilo guda a manya, cikinsa kuma babu iska, in aka buga masa guduma don a ciro jan ƙarfen wuyansa, tarwatsewa yake.

Wannan ya kawo mu kan 'yan gwangwan. Ni ba na cikin masu raina su. A ƙasashe da yawa, in ba don su ba da shara ta binne mutane, kuma yawancin ƙarfen da ke komawa masana'anta ta hannunsu yake bi. Tukwanen alminiyam da suka huje, ƙarafan gado, tsohuwar fanka, duk ki ware musu, a auna a biya ki. Narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake buƙata a yi sabo daga ma'adini, don haka tukunyar da kike ganin ta gama yayi ba ta gama ba. Sai dai ki sani, ɗan gwangwan abin da yake kuɗi yake ɗauka, sauran kuma ya san inda yake zubarwa. A Agbogbloshie, wani jujin tsofaffin kayan lantarki da ke Akara babban birnin Ghana, kafin a rushe wurin a 2021, matasa sun yi shekaru suna ƙona wayoyin lantarki don su ciro jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙin daga safe har dare. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 da ɗoriya cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Saboda haka kayan lantarki, ki fara da masu gyara, don su sassa suke nema ba narkarwa ba. Ki tambayi shagunan da ke sayar da sababbi ko suna karɓar tsofaffi, ki tambayi hukumar shara ta garinku ko tana da ranar karɓar irin waɗannan. Wanda zai ɗauka kuma ki tambaye shi kai tsaye: “Malam, gilashin nan ina za ka kai shi?” Yadda zai amsa zai gaya miki abin da kike son sani. In har lokaci ya ƙure ba ki samu inda za ki kai ƙwayayen fitila da ƙananan batira ba, ki rufe kwalinsu ki tafi da shi sabon gida, ki ɗora a sama inda yaro ba ya kai. Kwali ɗaya ba zai hana ku wurin kwana ba.

Robobi ba zan ɓata miki lokaci a kansu ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. A duk robar da duniya ke zubarwa, kusan kashi 9 cikin 100 ne ake sake sarrafawa. Ki juya gindin kowace za ki ga lamba a cikin ɗan kusurwa uku. Tun 1988 ake sa ta, kuma irin robar take faɗa, ba alkawari ba ne cewa wani zai karɓa. Masu lamba 1 da 2, wato gorunan ruwa da jarkoki, su ne ke da masu saye. Ki ɗauraye, ki shanya, ki take su su lotse, ki cika buhu. Sauran, wadda ke da murfi mai kyau a ci gaba da amfani da ita, wadda ta fashe ta bi motar shara. Fasasshen gilashi da madubi ki naɗe su da takarda mai kauri ki rubuta a kai, saboda hannun mutum ne zai ɗaga ledar. Katifun kuma ki shinshina. In suna warin ruma ko kin ga baƙin ɗigo-ɗigo, ba abin kyauta ba ne, kuma kada ɗanki ya kusance su. In soson cikin yana da lafiya, masu yin kujera suna saye.

Sutura ce inda mutanen kirki suka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Sai mutum ya tattara abin da shi kansa ba zai sa ba, mai yagewa, mai tabon da ya ƙi fita, ya cusa a buhu ya ce ya yi sadaka, alhali bola kawai ya canja wa adireshi. A kasuwar gwanjo ta Kantamanto, a can Akara, masu bincike sun ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga duk mako daga ƙasashen waje, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara, wasu har bakin teku. Yawancinsu wani ne ya bayar yana jin ya yi alheri. Ma'aunin da zan ba ki mai sauƙi ne: duk abin da za ki ji kunyar miƙa wa mutum hannu da hannu kina cewa “na mahaifiyata ne”, to ba na bayarwa ba ne. Mai kyau a wanke, a goge, a ninke, a ba wanda kika san zai sa. Wanda ya mutu a yayyanka shi tsumma, makanikai da masu fenti kullum nema suke.

Amma kafin zare ɗaya ya fita daga akwatunan nan, sai an gama da Yaya. Kada ki riƙe maganarta a zuci. Wanda yake nesa yakan ji kamar muddin ɗakin yana rufe, to akwai sauran wani abu na Mama da zai zo ya tarar wata rana. Ke kike shaƙar ƙurar, ita tana riƙe da hoton ɗakin a ranta. Kuma tana da hakki, don kayan nan na ku uku ne, ajiya aka ba ki. Sai dai hakki yana tafe da ɗawainiya, ba zai yiwu ta hana a taɓa kuma ta ƙi ɗauka ba, alhali mai gida yana jiran makullinsa.

Ga abin da za ki yi. Ki shimfiɗa kayan Mama, ban da magani da sauran masu haɗari, don waɗannan ba sa jiran izinin kowa. Ki ɗauki hoton kowane ki sa masa lamba. Ki buɗe zaure a WhatsApp na ku uku, ki saka wani babba da Yaya ke jin nauyinsa, ƙanwar Mama ko kawunku. Ki tura hotunan ki rubuta: “Yaya, ga kayan Mama. Ki fara zaɓa, ke ce babba. Duk lambar da kika kira taki ce, zan ɗaure miki ita da kaina. Ranar kaza za mu miƙa makulli. Abin da ba wanda ya zaɓa a cikinmu, ina neman izininku a bayar da shi da sunan Mama, ladan ya isa gare ta.” Ki sa ranar ta zama mako guda kafin ainihin ranar tashinku. Kin ga kin ba ta girmanta, kin ba ta zaɓi, kuma kin sa shaida. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuɗin da ya fito daga ƙarafan Mama, komai ƙanƙantarsa, ki rubuta ki tura a zauren, don ƙaramin kuɗin da ba a faɗa ba ya fi babba raba zumunci. Ƙaninku kuma, “duk abin da kuka yi daidai ne” hanyar zillewa ce mai ladabi. Ki ce masa kin gode, ranar Asabar ya zo da abin ɗaukar kaya, shi zai kai wa Yaya nata ko ya sa a mota.

Saura keken ɗinki. Na lura a jerin da kika yi, kusan komai kin kira shi da aibinsa, matacce, mai ƙeya, wanda ruwa ya taɓa, shi kaɗai kika ce “keken ɗinkinta”. Ina jin kin riga kin san abin da za ki riƙe. Irin waɗannan kekunan na baƙin ƙarfe ba sa mutuwa da sauƙi, sau da yawa mai da sabon bel kawai suke so. In Yaya ba ta kira lambarsa ba, ki tafi da shi, ko da a lungu zai tsaya ki ɗora masa abin ado. In ta kira, ki ba ta da zuciya ɗaya ki zaɓi wani abin, mayafi guda da har yanzu yake da ƙamshinta, ko tabaraunta. Ni tabarau na riƙe na tawa mahaifiyar, ƙafarsa ɗaya ɗaure da zare, yana cikin durowar da nake rubuta miki wannan amsa a kanta.

Kuma kafin kowane akwati ya fita, ki zazzage shi har ƙasa, ki laluba aljihun kowace riga, ki ɗaga takardar da aka shimfiɗa a gindinsa. Iyaye mata suna ɓoye abu a inda ba a zato: takardun haihuwarku, rasit, hoton da ba ku taɓa gani ba. Ƙaramar durowar nan ta gefen keken ma ki jawo ta, ke kaɗai, kafin masu ɗaukar kaya su iso.